Darasi na 7: Kula da Mai Jinyar Wanda Ya Tashi daga Ciwon Dajin Kai da Wuya

Wannan ciwo yana kama baki, harshe, hanci ko maƙogwaro. Taba da giya suna cikin manyan abubuwan da ke jawo shi, amma yakan kama wanda bai taɓa kusantarsu ba. A Kano, likitocin kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna duba masu shi. Wasu a yi musu tiyata, wasu a tura su gashi, wato ƙona ƙwayoyin dajin da hasken na'ura, wani lokaci har asibitin Shika ta Zariya. Da yawa suna tashi. Sai dai jinyar takan ɗauki shekaru bayan sallama, kuma galibi mutum ɗaya ake sakar wa ita: mata, ko 'ya, ko ƙanwa.

Abinci ne ya fi cin ranta. Gashi yana rage yawu, baki ya bushe, haɗiya ta yi wuya. Tuwon da kowa zai ci a tashi, shi sai ya yi awa yana fama. Don haka tukunya biyu take ɗorawa. Nasa tuwon mai ruwa-ruwa ne, da miyar kuɓewa ko kuka saboda yauƙi, ba yaji, ba tsami. Tsakani kuma kunun gyaɗa, ƙwai ko madara, kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Idan yana yawan ƙwarewa ko yana ramewa, a gaya wa likita. Bushewar baki tana ruɓar da haƙori, sai an dage da wanke shi.

Wanda aka cire wa maƙogwaron murya, ta wata 'yar ƙofa a wuya yake numfashi. Iska ba ta bi ta hanci balle a tace ta. Da hunturu, ƙurar Kano takan busar da majina ta toshe ƙofar. A rufe ta da ƙyalle mai tsabta marar kauri, a nisanta shi da hayaƙin murhu, a kiyaye ruwa wajen wanka. Kafin a bar asibiti, mutum biyu su tsaya nas ta koya musu goge wurin, kada a bar wa ɗaya. Ga kuma amfanin karatunmu: wanda ba shi da murya, biro da takarda ne bakinsa.

To ita mai jinyar fa? Makon farko gida cike yake da 'yan dubiya. Bayan wata uku sai gaisuwa ta waya. Ba ta barci sosai, ta bar sana'arta, ta daina zuwa biki da Islamiyya, kuma kunya ba za ta bari ta ce ta gaji ba. A ganina, "in da abin da kike so ki faɗa" ba taimako ba ne, don ba za ta faɗa ba. Gara a ce, "Umma, je ki kwanta, ni zan zauna da Abba har Magariba." Wani ya ɗauki kuɗin Adaidaita na ranar ganin likita, wata ta ɗauki girkin Juma'a. A tambayi KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, ko akwai tsarin da gidan zai shiga. Idan ta fara yawan kuka, ko fushi ba dalili, ko ciwon kai kullum, ita ma a kai ta asibiti, a auna jininta.

Ranar komawa asibiti ba a tsallake ta ko da maras lafiyan ya ji garau. Sabon ƙullutu a wuya, jini, ko gyambon baki da ya wuce mako biyu, ba a jiran ranar.

Aiki: Ɗauko littafinka, ka rubuta ranakun mako daga Asabar zuwa Juma'a. A gaban kowace rana, rubuta sunan wanda zai karɓi mai jinya da aikin da zai yi. Gobe kowa zai karanta nasa a aji.