Yadda za ka kare gidanka daga wutar daji bayan damina

'Yan uwa daga garin Mai Wurno da ƙauyukan Gadarif a ƙasar Sudan sun yi ta tambayata a kan wannan. Ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba, ciyawa ta bushe ƙayau, zafi kuma sai ƙaruwa yake yi. Ga yadda nake yi:

1. Nome busasshiyar ciyawar da ta kewaye gida, faɗin taku 10 aƙalla.
2. Kwashe ta nan take. Hattara: kada ka jibge ta jikin danga, ka tara wa wuta abinci ke nan.
3. Matsar da karan dawa da harawa nesa da ɗakuna.
4. Sassare rassan da suka sauko kan jinka.
5. Share layi tsakanin gona da gida har sai ƙasa ta fito tas, musamman ta arewa, inda iskar rani ke bugowa.
6. Yayyafa wa toka ruwa kafin a zubar. A nan aka fi yin sakaci. Bara maƙwabcina ya ɗauka tokarsa ta mutu, kafin la'asar ta cinye masa rumbu guda, dawa da ridi duka.
7. Cika randa da ruwa, ka ajiye ta bakin ƙofa.
8. Sake zagaya gida duk ranar da aka yi iska mai ƙarfi, don takan taro ganye a gindin danga.