Yadda ake gano raunin guringuntsi da ƙashi a idon sawu da yadda ake maganinsa

Gaɓar idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce: babban ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da ke gefensa, da wani dunƙulallen ƙashi da likitoci ke kira talus, wanda yake zaune a ƙarƙashinsu kamar turmi a kife. Fiye da rabin jikin talus a lulluɓe yake da guringuntsi, kuma jinin da ke isa gare shi kaɗan ne, shi ya sa idan ƙafa ta gurɗe da ƙarfi har gefensa ya daki ƙashin ƙwauri, ɓallin da ya samu yakan daɗe bai haɗe ba. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan rauni a matsayin targaɗe, su yi ta shafe-shafe wata da watanni, alhali abin da ya lalace yana can cikin gaɓar.

Mataki na farko shi ne kula da ƙafar tun ranar da abin ya faru. A daina taka ta, a ɗora ta a kan matashi ta ɗara ƙirji tsayi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20 sau da yawa a yini. Ba a gasa sabon rauni da ruwan zafi, ba a kuma murza shi, domin duka biyun suna ƙara kumburi. Idan ƙafar ta karkace a fili, ko ƙashi ya fasa fata, ko yatsu suka yi sanyi suka daina ji, wannan ba na jira ba ne, a nufi asibiti nan take.

Mataki na biyu shi ne tantance ko ana bukatar hoton ƙashi. Likitoci suna bin wata ƙa'ida da aka fitar a birnin Ottawa na Kanada a 1992, kuma mai sauƙi ce. Ana danna bayan tudun ƙashin idon sawu na ciki da na waje, daga kansa zuwa sama kimanin santimita 6, sannan a danna tushen ƙashin ƙaramin yatsa a gefen tafin ƙafa, da ƙashin da ke tsakiyar ƙafa ta ciki. Idan ƙashin ya yi zafi a ɗaya daga waɗannan wurare, ko kuma majinyacin ya kasa yin taku huɗu tun daga lokacin raunin har zuwa gaban likita, to a ɗauki hoto. Ɗingishi ma taku ne a wannan lissafi, muddin ƙafar ta ɗauki nauyi.

Mataki na uku ne aka fi yin sakaci da shi, wato sake duba ƙafar idan ta ƙi lafiya. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna guringuntsi, saboda haka yana iya fitowa lafiya ƙalau alhali akwai ɓarna. Targaɗe na gaskiya yakan yi sauƙi sosai cikin makonni shida. Idan aka wuce haka mutum yana jin ciwo can ciki duk lokacin da ya yi doguwar tafiya ko ya hau bene, ƙafar tana kumbura da yamma, ko tana yin ƙara in an motsa ta, ko tana sarƙewa kamar tsakuwa ta shiga tsakanin ƙasusuwan, to ya koma wurin likitan ƙashi ya nemi a zurfafa bincike. Akwai na'urori biyu masu ɗaukar hoton cikin jiki: na'urar MRI tana nuna guringuntsin da kumburin da ke cikin ƙashin, ita kuwa na'urar CT ta fi nuna girman ramin da raunin ya yi a ƙashin da zurfinsa, abin da likitan tiyata yake bukata kafin ya yanke shawara. Tun 1959 likitoci biyu, Berndt da Harty, suka kasa wannan rauni gida huɗu: ƙashin da ya lotsa kawai, da ɓallin da ya fara rabuwa, da wanda ya rabu amma yana nan a gurbinsa, da wanda ya fita yana yawo a cikin gaɓa.

Mataki na huɗu shi ne magani ba tare da tiyata ba, kuma da shi ake farawa idan ɓallin bai bar gurbinsa ba, musamman ga yara da matasa waɗanda ƙashinsu bai gama girma ba. Ana sa filastar asibiti ko takalmin da ke hana gaɓar motsi na makonni huɗu zuwa shida, a riƙa tafiya da sanduna, a sha maganin ciwon da likita ya rubuta. A nan ya kamata a yi maganar masu ɗori, domin a ƙasar Hausa wurinsu ake fara zuwa. Hannu, komai ƙwarewarsa, ba ya iya laluben abin da ke cikin gaɓa, kuma ɗaurin da aka tsananta a kan ƙafa mai kumburi yana iya toshe jini har naman ya ruɓe. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna da likitocin da wannan shi ne fanninsu.

Mataki na biyar shi ne tiyata, idan ɓallin ya fita daga gurbinsa ko kuma an shafe watanni ana magani ciwon bai lafa ba. Yawanci ana yin ta ne ta ƙananan ƙofofi biyu, a zura siririyar kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayar. Idan ramin ƙarami ne, bai kai faɗin santimita ɗaya da rabi ba, ana kankare mataccen guringuntsin, a huda ƙananan ramuka a ƙashin domin jini da ɓargo su fito su cike wurin. Abin da ke tsirowa ba ya kai guringuntsin asali santsi da ƙarko, amma yakan kawar da ciwon. Idan ɓallin babba ne kuma yana da ƙashi mai rai a jikinsa, ana mayar da shi a kafe shi da ƙusa. Idan ramin ya yi faɗi ko zurfi, sai a ciro ƙashi haɗe da guringuntsinsa daga gefen gwiwa, inda ba ya ɗaukar nauyi sosai, a dasa a wurin.

Mataki na shida shi ne gashin ƙashi na asibiti, wato motsa ƙafar da ƙarfafa ta, kuma kyakkyawar tiyata tana iya tashi a banza idan aka yi wasa da shi. Bayan makonnin da likita ya hana taka ƙafar, mai gashin ƙashi zai fara da motsa gaɓar sama da ƙasa, sannan ƙarfafa naman ƙwauri da jijiyoyin gefe, sannan koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya domin kada ta sake gurɗewa. Mai shan taba ya daina, mai ciwon sukari ya kula da sukarinsa, domin duka biyun suna jinkirta haɗewar ƙashi. Tafiya ta yau da kullum takan dawo kafin gudu, kuma ɗan ƙwallo yakan jira wata huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kafin likita ya sallame shi ya koma fili.