Yadda ake kula da ɗan tarantula a lokacin saɓa a yanayin Katsina

Tarantula babban gizo-gizo ne mai gashi a jiki, daga dangin da masana suke kira Theraphosidae, wanda nau'o'insa suka haura 1,000 a faɗin duniya. Jikinsa a cikin ɓawo mai tauri yake, ɓawon kuma ba ya miƙewa, saboda haka ba shi da hanyar girma sai ya tuɓe tsohon ya fito da sabo. Babba yakan yi wannan saɓa kamar sau ɗaya a shekara, amma ɗan ƙarami yakan maimaita ta bayan 'yan makonni. A waɗannan kwanaki ne ya fi rauni, kuma a ganina aikin mai kiwo kusan duka kafin ranar yake, domin da zarar dabbar ta kwanta, sa hannu ya fi jawo ɓarna a kan gyara.

Mataki na farko: ka san nau'in da yake hannunka

Waɗanda aka fi ba sabon mai kiwo 'yan nahiyar Amurka ne, kamar Brachypelma hamorii na Meksiko, da Grammostola rosea na Chile, da Tliltocatl albopilosus na Amurka ta Tsakiya. Suna da sanyin hali, kuma suna kare kansu ta hanyar karkaɗo wani gashi mai ƙaiƙayi daga bayan cikinsu. Na Afirka, irin su Heteroscodra maculata da Stromatopelma calceatum na yammacin nahiyar, ba su da wannan gashi, sai dai saurinsu da ƙarfin dafinsu sun fi, don haka ko murfin mazubinsu ba a buɗewa da sakaci.

Mataki na biyu: ka gane alamomin gabatowar saɓa

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce ƙin abinci. Wanda ya saba cafke gyare da zarar an jefa masa, sai ka ga ya kauce, ko ya ture shi da ƙafa. Cikinsa zai yi ɓulɓul yana sheƙi, launinsa ya yi duhu, domin sabon ɓawo da gashinsa sun riga sun tsiro a ƙarƙashin tsohon. A 'yan Amurka, wurin da gashi ya zube a bayan ciki yakan juya daga ja-ja ya koma baƙi, kuma idan ka ga haka, ranar ta matso. Tafiyarsa za ta yi nauyi, wani ma ya kasa hawa bangon mazubin da ya saba hawa. Da yawa sukan shige rami su toshe bakinsa da ƙasa da yana. Idan ya toshe, kada ka tona don ka duba lafiyarsa, ko da ya yi mako biyu ko uku ba ka sa shi a ido ba. Zaman da yake yi a ciki wani ɓangare ne na shirinsa.

Mataki na uku: ka janye abinci

Duk ƙwaron da bai ci ba cikin awa 24, ka cire shi da hantsaki, kuma kada ka ƙara jefa wani. Gyare mai rai yana iya ci wa tarantula jiki a lokacin da yake kwance babu ƙarfin kare kansa, tsutsar gari da ake ciyar da shi da ita kuwa takan nutse cikin ƙasa ta fito daga baya, don haka ka tabbata babu wadda ta ɓuya. Ɗan da cikinsa ya cika ba zai mutu da yunwar 'yan makonni ba.

Mataki na huɗu: ruwa da danshi

Nan ne mai kiwo a Katsina ko Daura ya kamata ya fi mai da hankali, domin shawarwarin da ake karantawa a intanet yawanci daga ƙasashe masu laima suke fitowa. Tarantula yana fita daga tsohon ɓawo ne da ƙarfin ruwan jikinsa: yana matso shi zuwa gaba har ɓawon ya tsage, sannan ya tura shi cikin ƙafafu don su zare. Wanda jikinsa ya rasa ruwa ba shi da wannan ƙarfi, kuma shi ne yake maƙalewa. Ɗan ƙarami ya fi babba saurin bushewa saboda ɓawonsa siriri ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu take tsage leɓe da diddige, ƙasar da take cikin ƙaramin mazubi tana iya bushewa ƙarau cikin kwana biyu.

Ka ajiye murfin kwalba cike da ruwa mai tsabta a ciki kullum, ba tare da auduga ko soso ba, domin waɗannan datti suke tarawa. Sannan ka ɗauki sirinji marar allura, ka zuba ruwa a kusurwa ɗaya ta jikin bango, yadda zai gangara ya jiƙa ƙasan shimfiɗar, saman kuma ya kasance kusan a bushe. Ta haka dabbar za ta zaɓi zurfin da ya yi mata daidai. Shimfiɗar, ko ta niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ce ko ta ƙasar da ba ta taɓa ganin taki da maganin feshi ba, ta kai zurfin santimita 5 ko fiye. Idan ka matse ta a hannu ta dunƙule ba ta ɗiga ba, danshin ya isa. Kada ka fesa masa ruwa a jiki, kuma kada tsoron bushewa ya sa ka toshe ƙofofin iska, domin mazubin da ya jiƙe sharkaf babu iska shi ma kisa yake yi. A hunturu ka duba kowace rana. Da damina, musamman a Agusta, lamarin yakan juye: sai ka rage zuba ruwa, ka ƙara ƙananan huji a gefen mazubin saboda funfuna. Nau'in da ya fito daga busasshiyar ƙasa, kamar na Chile, idan ya girma ya fi son shimfiɗa busasshiya, amma yana ƙarami shi ma yana bukatar kusurwa mai danshi.

Mataki na biyar: ka zaɓi wurin ajiya

Zafin da ya fi dacewa da yawancin nau'o'i yana tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin Katsina yakan kai 40 ko ya zarce, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi waje zafi da rana tsaka. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, wanda sau da yawa ginin ƙasa ne, ka ajiye mazubin nesa da taga, kusa da randa idan akwai. Hasken rana kai tsaye a kan roba ko gilashi yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Ajiya a ƙasa-ƙasa tana jawo kiyashi da cinnaka, waɗanda suke shiga ta hujin iska su far wa mai saɓa. Maganinsu shi ne ka ɗora mazubin a kan kofi da aka kife a tsakiyar faranti mai ruwa. Abin da ya fi kiyashi haɗari shi ne maganin sauro, ko na kunnawa, ko na fesawa, ko fiya-fiya da ake yayyafawa a lungu. Dukkansu guba ne gare shi, saboda haka ɗakin da yake ciki a yi amfani da gidan sauro kawai, kuma wanda ya taɓa magani ya wanke hannu da sabulu kafin ya kusanci mazubin. Hayaƙin turaren wuta ma a nisanta shi. Tarantula yana jin motsi ta gashin ƙafafunsa, don haka kada a ɗora shi a kan firji, ko kusa da sifika ko janareta. A gaya wa yaran gida cewa ba a ɗagawa, ba a ƙwanƙwasawa.

Mataki na shida: ranar saɓa

Zai saƙa 'yar shimfiɗa ta yana, sannan ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka ya mutu, kuma an sha zubar da mai rai ko a birkice shi saboda wannan zato. Tarantula da yake mutuwa yawanci a kife yake, ƙafafunsa a naɗe a ƙarƙashin jiki. Kwanciyar rigingine alamar lafiya ce. Kada ka juya shi, kada ka hura masa iska, kada ka taɓa shi da tsinke don ka ga ko zai motsa.

Yakan yi awoyi a kwance shiru kafin komai ya fara. Daga nan garkuwar bayansa za ta ɓalle, gefen cikin ya tsage, ya shiga zare fiƙoƙinsa da ƙafafunsa takwas a hankali, kamar mai cire matsattsiyar safa. Ba fatar waje kaɗai yake tuɓewa ba, har da shimfiɗar cikin huhunsa guda huɗu da ta maƙogwaro da tumbinsa. A ɗan ƙarami fitar kan ƙare cikin ƙasa da awa ɗaya, babba kuwa yana iya ɗaukar awoyi. Idan kana son kallo, ka kalla ta jikin bango da haske kaɗan.

Idan awoyi da yawa suka wuce bayan ɓawon ya tsage kuma babu ci gaba, sannan ne za a yi tunanin taimako, shi ma ɗan kaɗan. Ka jiƙa burushin zane mai laushi, ka shafa ruwa a inda ƙafar ta maƙale, ka kiyaye kada ruwan ya kai ƙasan ciki inda ƙofofin huhu suke. Kada ka ja ɓawon. Idan ƙafa ɗaya ce ta ƙi fita, sau da yawa da kansa yake yar da ita daga gaɓa, kuma za ta sake tsirowa a saɓa ta gaba, siririya da farko, ta cika daga baya. Idan ka ga wani ruwa garai-garai mai ɗan shuɗi yana tsatsowa, jininsa ne. Ka barbaɗa ɗan sitacin masara ko fulawa a wurin don ya tsaya.

Mataki na bakwai: kwanakin bayan fita

Zai ci gaba da kwanciya yana miƙe ƙafafu yana naɗewa, sannan ya juyo da kansa. Launinsa zai yi haske, jikinsa kuma laushi ne ƙwarai. Ka cika masa murfin ruwa, ka bar shi. Fiƙoƙinsa farare ne da farko, su koma ja, sannan baƙi, kuma sai sun yi baƙi za a ba shi abinci, domin fiƙa mai laushi tana iya lanƙwashewa ko ta karye a jikin ƙwaro, wanda zai hana shi ci har saɓa ta gaba. Ga ɗan ƙarami, kwana 5 zuwa 7 sukan isa. Wanda ya fara girma a ba shi kwana 10 zuwa 14. Abincin farko ya zama ƙaramin gyare ko ɗan kyankyason kiwo wanda bai fi cikinsa girma ba, kuma ya fi kyau a murƙushe kan ƙwaron tukuna. Fara da ake kamowa a gona, da kyankyason bayan gida, ba abin dogaro ba ne saboda feshi. Sauya masa mazubi, idan ya yi masa kaɗan, a jinkirta shi har sai ya ci abinci sau ɗaya ko biyu.

Mataki na takwas: tsohon ɓawon

Idan ya matsa daga wurin, ka ɗauke ɓawon da hantsaki; idan a cikin rami yake, ka jira ya turo shi waje. Ka rubuta ranar, domin tazarar da take tsakanin saɓa da saɓa ita za ta nuna maka lokacin da za ka sa ran ta gaba, kuma za ka ga tana ƙara tsawo yayin da yake girma. Da ɓawon ne kuma ake gane jinsi, idan dabbar ta ɗan tasa. Ka jiƙa fatar cikin da ruwa mai ɗigon sabulu, ka buɗe ta a hankali, ka duba tsakanin fararen tabo biyu na gaba, wato gurbin huhu, da gilashin ƙara girma. Idan akwai wani ɗan leɓe ko 'yar jaka da ta ɗago, mace ce. Idan wurin sumul yake, namiji ne. Sanin wannan yana da amfani ga shirin mai kiwo, domin macen Brachypelma tana iya haura shekara 20 tana saɓa, namiji kuwa da ya balaga ya yi ta ƙarshe ke nan, kuma yawanci ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu bayanta.