Hattara da hadarin Mayu a yankin Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu bin hanyar Jos a watan Mayu, don Allah ku riƙa yin sammako. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200, kuma hadari ya fi haɗuwa a kan duwatsun nan tsakanin azahar da la'asar. Da safe gari garau, kafin ka ankara gabas ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci har da ƙanƙara. Gangaren Hawan Kibo kuwa ba wurin gudu ba ne idan kwalta ta jiƙe.

Manoma da makiyaya, ku kuka fi tsaya mini a rai. In kun ga walƙiya ku fara ƙirga daƙiƙa. Idan tsawa ta biyo kafin ku kai 30, ku ajiye fartanya ku bar fili. Kada a fake a gindin bishiya, a nemi ɗaki ko mota mai rufi, a zauna har sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Mutanen kwari, ku hana yara wasa a busasshen rafi. Ruwan da aka sheƙa kan dutse yakan gangaro musu alhali ko yayyafi ba a yi a garinku ba.