Yadda za ka gane tsohon kuɗin Melgei na gaske

Ni maƙerin azurfa ne a Garwa. A tsohon kuɗi liyari na sani, mai kan Mariya Tareza da shekarar 1780. Sai ɗan ƙanwata da ke karatu a Mompeliye ta Faransa ya miƙo min wani abu baƙi-baƙi, ya ce, "Kawu, ga tsaraba." Na ɗauka marfin kwalba ne mota ta taka. Ashe diniye ne, wato ƙaramin kuɗin ƙarfe na da, na Melgei, wata 'yar sarauta a kudancin Faransa, garin da yau ake kira Mogiyo. Ƙasar tafin hannu ce, amma kuɗinta ya ci kasuwannin yankin a ƙarni na 12 da na 13.

In irinsa ya faɗo hannunka, fara da sikelin zinariya. Wajen giram ɗaya yake, faɗinsa kamar maɓallin riga. Rabinsa, obol, ya fi haka ƙanƙanta. Kara masa maganaɗisu. In ya kama, an cuce ka, domin na gaske azurfa ce gauraye da tagulla, maganaɗisu ba ya kama su.

Sai gefe, nan ne aikina. Da guduma aka buga shi tsakanin hatimi biyu, shi ya sa bakinsa ke karkace, wani wuri zanen ya fito raɗau, wani wuri ya dushe. Na jabu sau da yawa zubi ne: za ka ga layin haɗi a gefe da 'yan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Wanda ya fito zagaye sumul, ni dai ba na saya.

Kada ka wahalar da idonka wajen karatu. An yi ta kwafar sunan wani mai sarauta, Raimon, da na garin Narbon a jikin kuɗin har haruffan suka koma sanduna. Nemi 'yan zobba huɗu a fuska ɗaya. 

Wanki kuwa, ban da lemon tsami, ban da toka. Na goga wa nawa tsami a gefe guda, wurin ya yi fari fat, har yau ina cizon yatsa. Ruwa da ɗan sabulu sun isa. Shanya shi sosai, ka naɗe a takarda, ba leda ba, don zafin Garwa kan sa leda gumi.