Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen nazarin waƙar "London" ta William Blake

Waƙar nan baiti huɗu ce kacal, kowane baiti ɗango huɗu, shi ya sa ɗalibai suke raina ta, mutum ya karanta sau ɗaya ya ce ai na gane, talauci ne a Landan, sai ya cika shafi biyu da "mutane suna shan wahala" ya miƙa wa malami, in maki ya fito kuma ya ce an zalunce shi. To wahalar ai kowa ya gan ta. Abin da Blake ya yi shi ne ya ɗauki kowane kuka ya kai shi ƙofar wanda ya jawo shi, in ba ka nuna wannan ba ba ka fara nazari ba tukuna.

Mu fara da zamani, don nan ake yin kwaɓa tun a layin farko. Da yawa suna rubuta wai waƙar zamanin Sarauniya Victoria ce. Ina! Blake an haife shi a 1757 ya rasu 1827, ita kuwa Victoria sai 1837 ta hau gadon sarauta, shekara goma bayan mutuwarsa. Waƙar ta fito a 1794 cikin littafin waƙoƙinsa Songs of Experience, lokacin Sarki George na uku. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne juyin juya halin Faransa na 1789, da yaƙin da ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Faransa a 1793, gwamnati a tsorace take kada talakawanta su kwaikwayi na Faransa, ana farautar masu rubutun adawa. Da ka san wannan za ka gane me ya sa a baiti na uku nishin soja ya koma jini yana gangarowa a bangon fada. Amma fa kada ka mayar da amsarka darasin tarihi, jimla biyu ta isa, ka liƙa ta a jikin ɗangon da take bayani a kai.

Sai kalmar charter'd da ta zo sau biyu a baitin farko, ɗaya ga titi ɗaya ga kogin Thames. Wasu tsallake ta suke yi, wasu su ce tana nufin an zana taswirar garin. Asalinta takardar izini ce da sarauta ke ba wani gari ko kamfani, ta ba wasu tsiraru iko da haƙƙin ciniki ta hana sauran jama'a. A rubutun farko da Blake ya yi a littafin ajiyarsa dirty ya sa, wato mai datti, daga baya ya goge ya canza. Ka ga datti ba a san mai shi ba, amma takardar izini akwai wanda ya sa mata hannu. Har kogi da yake gudu da kansa an yi masa masu shi. In ka kawo wannan canjin a amsarka malami zai san ka yi karatu.

Akwai kuma ciwon jera sunayen adon harshe. "Akwai maimaici, akwai siffantawa, amsa-amon ABAB ne", shi ke nan an wuce. To sai me? Maki yana wajen aikin da abin ya yi. Misali every, wato kowane, ta zo sau biyar a baiti na biyu kaɗai, ka ce maimaicin ya toshe duk wata kafa, babba da jariri babu wanda ya tsira. Ka lura kuma a baitin farko da ido mawaƙin yake aiki, yana ganin tabon rauni da baƙin ciki a fuskoki, daga na biyu sai ya koma kunne, kuka da nishi da tsinuwa, har haruffan farko na ɗangogin baiti na uku in ka haɗa su HEAR suke bayarwa, wato ji. A wannan baitin ne ma kari ya canza, ɗangogin suka koma gaɓa bakwai bakwai maimakon takwas, nauyi ya faɗo a gaɓar farko, daidai wurin da zargi ya fito fili.

Mind-forg'd manacles kuwa, ankwar da hankali ya ƙera, nan ɗalibai suke rabuwa gida biyu kuma kowane gida rabin gaskiya ya riƙe. Wasu su ce talakawa ne suka ɗaure kansu laifinsu ne, wasu su ce a'a gwamnati ce kawai. Ɗangon bai faɗi hankalin wa ya yi ƙirar ba, kuma ni a ganina da gangan ne: masu mulki da dokokinsu suka ƙera, waɗanda aka ɗaure kuma suka saba har suka daina ganinta a hannunsu. Rubuta duka biyun, sannan ka faɗi wanda ya fi rinjaye a wajenka da hujjarka.

Kada ka ce Blake bai yarda da Allah ba don ya soki coci. Mutum ne mai zurfin addini, rigimarsa da hukumar coci ce. Yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙi su share kunkunniya, waɗanda waƙar ta ambaci kukansu, ƙanana ne sosai, dokar 1788 ta ce sai mai shekara takwas amma ba a bin ta, yawancinsu marayu da 'ya'yan talakawa ne, wasu ma hukumomin unguwa da ke ƙarƙashin coci ne suke miƙa su ga iyayen gidan sana'ar. Don haka baƙin da waƙar ta ce cocin yake yi biyu ne, na hayaƙi a bango da na laifi. Na san da yawa za su tuna almajiranmu a nan, ba laifi ka tuna, amma a jarrabawa kada kwatancen ya cinye maka shafi ka bar waƙar a baya.

Baiti na ƙarshe shi ne inda aka fi zamewa, musamman mu nan, don da an ga kalmar karuwa sai biro ya koma wa'azi, a ce Blake yana tsine wa masu lalata tarbiyya. Duba da kyau, youthful ya kira ta, yarinya ce ƙarama, kuma ya jera ta layi ɗaya da yaro mai share bututu da soja, wato su uku duk waɗanda aka ci da guminsu ne. Tsinuwar tata fuska biyu gare ta, zagin da take yi cikin dare, da kuma cutar da ake ɗauka wajenta, tunjere ko ciwon sanyi, magidanci ya kwasa ya kai wa matarsa, jariri ya zo da ita har ta taɓa masa ido. Shi ya sa ya rufe da Marriage hearse, kamar a ce maka motar kai amarya ita ce makara. Yawancin ɗalibai suna rubuta "wannan haɗin kishiyoyi ne" su tsaya nan. Ƙarasa mana, ka ce aure shi ne hukuma ta uku da waƙar ta tuhuma bayan coci da fada, kuma cutar ta tashi daga titi ta shiga gidan masu mutunci ta hannun mijin da kansa, ba yarinyar ce ta kai ta ba.

In an ce ka kwatanta ta da wata waƙa, ta William Wordsworth da ya yi a kan gadar Westminster a 1802 ta fi sauƙin kamawa. Gari ɗaya, kogi ɗaya, shekara takwas tsakani, amma shi daga kan gada ya hango Landan da sassafe mutane suna barci, gine-gine da jiragen ruwa ya gani ba mutane ba, Blake kuwa a cikin lungu yake tafe har tsakar dare. Gina kwatancenka a kan inda kowannensu ya tsaya da lokacin da ya duba, kada ka tsaya a "ɗaya ya yabi gari ɗaya ya kushe".