Yadda za ka rage yi wa mutane mummunar fahimta idan kanka ya ɗau zafi

Ƙwaƙwalwa fa aiki biyu take yi in ka haɗu da mutum. Na farko nan take ne, ka ga ya ɗaure fuska sai ka ce ai ɗan girman kai ne. Na biyu shi ne gyara, wato ka tuna ƙila bai yi barci ba ko wani abu ke damunsa, kuma wannan gyaran sai da natsuwa yake yiwuwa, shi ya sa in kana cikin gajiya ko hankalinka na kan waya, hukuncin farkon ne kawai zai zauna maka.

Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Gilbert da abokan aikinsa sun gwada haka a 1988, suka nuna wa mutane bidiyon wata mata, waɗanda aka shagaltar da haddace kalmomi sun fi ɗaukan matar da suka gani a bidiyo a matsayin mai fargaba a ɗabi'arta, alhali sun san maganganun da aka ce tana yi masu tayar da hankali ne.

To kafin ka ce wane kaza ne, fara duba kanka, ka gaji? Kana sauri? In eh ne ajiye wayar tukuna, ka nemo dalili ko guda ɗaya daga yanayin da yake ciki. Ni dai sai na sake ganin mutum ranar da kaina ke sake nake yanke magana.